Katunan Sifeto

"To in ba ƙwai ba ne, mene ne?" Baban Sifeto ya tambaye ni. Yana riƙe da katin daga gefe da yatsu biyu, kada shatin yatsa ya ɓata masa fuska.

Na ce, "Ƙwai ne, ranka ya daɗe, amma ba na gidan nan ba. Yaushe ka ga na soya ƙwai ya fito da wannan sheƙin? Ko kazar da ta saka shi ba za ta shaida shi ba."

Ya yi mini irin murmushin da yake yi wa masu kawo masa aiki idan sun ce hoto ya yi duhu, murmushin wanda ya yafe wa jahili tun kafin jahilin ya rufe baki. Ya ce matsalata ita ce ban san haske ba. Na ce gaskiyarsa, shekara bakwai ina girki ƙarƙashin ƙwan fitilar da ya ƙi canzawa, ina zan san haske.

Duk wannan musun 'yarmu tana ƙarƙashin tebur, inda take shigewa da zarar muryoyinmu sun fara hawa, tana jera murafan kwalba daga babba zuwa ƙarami. Shekararta shida. Kakarta ce ta laƙaba mata Sifeto, don ba a taɓa ajiye mata abinci ta kai hannu kai tsaye ba. Sai ta zagaye farantin da ido, ta shinshina, ta ɗaga gefe da cokali ta leƙa ƙasa, sannan yawanci ta miƙe ta bar wajen ba tare da ta kalli kowa ba. Tana da lalurar da likitoci ke kira otizim, kuma har yau ba ta yi magana ba. Maƙwabta suna da nasu sunan da suke kiran abin, ban ga dalilin ɓata bakina da shi ba.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabata an ɗora ta kan sikeli a asibiti, allura ta tsaya a kilo goma sha huɗu da ɗan ɗigo. Likita ya daɗe yana kallon takarda kafin ya kalle mu. Ya ba mu mako uku. In muka koma ba ta cika goma sha biyar ba, za a kwantar da ita, a zura mata roba ta hanci a riƙa ɗura mata abinci. Yarinyar da mataji ba ya taɓa kanta sai mun yi kokawar rabin sa'a, ita za a danne a zura wa roba. Na juya in kama hannun mijina, na tarar yana nazarin hoton ƙoda da ke jikin bango, na san kuma abin da yake tunani: an buga shi ba da kyau ba.

Daga ofishin likita aka tura mu wurin malamar koyar da magana, wata siririya mai sanyin murya da ke zama a ƙasa tare da yara. Ta ce rabin ƙin cin Sifeto rashin hanyar faɗin abin da take so ne. Mu ɗauki hoton duk abin da ta taɓa yarda ta ci, mu yi katuna, mu manna a jikin firji daidai tsayinta, mu bar ta ta zaɓa. Ta ce da farko nuni kawai za ta yi, ɗauko kati ta miƙa wa mutum kuwa yana iya ɗaukar watanni. Sannan ta kalle ni ido cikin ido ta ce abin da ta zaɓa shi za a ba ta, shi kaɗai. Na gyaɗa kai da sauri, irin gyaɗawar wadda ta shekara takwas tana sayar da magani a kanti ba ta kuma buƙatar wata yarinya ta koya mata kula da mara lafiya.

Baban Sifeto bai ji komai a bayanin ba sai kalmar hoto. Mai hoton talla ne. Duk lemon kwalbar da kuka gani a allon bakin titi yana zufa kamar ya yi gudu, da wuya in ba shi ya ɗauka ba. Tun a mota ya ce in bar masa wannan, aikinsa ne, ya faɗa da muryar wanda aka daɗe ana zalunta yau aka gane darajarsa.

Kwana huɗu ya yi a kai. A rana ta uku na biya shagonsa bayan na tashi aiki, don in ga me ke cin lokaci alhali kwanakin likita suna tafiya. Na tarar ya rufe tagogi da baƙin ƙyalle, ya kunna fitilu uku a kan wani farin faranti mai zanen zinariya da ban taɓa gani ba. Shinkafar ciki ɗanya-ɗanya ce, don dafaffiya wai ba ta tsayawa da kyau, yana jera ƙwayoyinta da hantsaki. Madarar cikin kofi farin gam ne, don madarar gaske tana fita da shuɗi-shuɗi a hoto. Ƙwan ya shafe shi da man inji da ɗan buroshi. Tururin da ke tashi bayan taliya auduga ce aka jiƙa da ruwan zafi aka ɓoye. Ya ɗora wa komai ɗan koren ganye a ka, kamar an yi wa abincin kwalliyar zuwa biki. Ya juyo fuskarsa tana walƙiya da farin ciki, ya ce in zo in duba ta cikin kyamara.

Ban duba ba. Na san abin da zan gani, don ni ma da hoto aka kama ni. Ina da shekara ashirin da biyu ya zo kantinmu ɗaukar hoton kalanda, ya matsar da ni taku biyu zuwa taga, ya ce in ɗan ɗaga haɓa. Hoton da ya fito na wata mata ce da ni kaina zan so in yi ƙawance da ita. Lokacin kaina cike yake da littattafai, na yi zaton namijin da ya gan ni haka ya ga abin da ke can cikin zuciyata, na kwana uku ba na taka ƙasa. Sai da muka yi aure na gane shi ba ya ganin abu, abin da za a iya yi da abu yake gani. Da aka ce mana 'yarmu ba za ta zama kamar sauran yara ba, bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, sai dai ya daina ɗaukarta hoto, don ba ta kallon inda aka ce ta kalla.

To waɗannan katunan ne, goma sha biyu, masu ƙyalli, an lulluɓe su da roba an zagaye kusurwoyinsu, ya kawo gida ya manna a firji, muke musu a kansu. Da muka gaji muka yi shiru, Sifeto ta fito daga ƙarƙashin tebur. Ta tsaya gaban firjin. Baban ya kama hannuna ya matse, ya raɗa mini in duba in gani. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta kifa kowanne a kan ɗan'uwansa, ta daidaita gefunansu a kan gwiwarta, ta wuce da su ɗakinta. Ta dawo hannu wofi ta koma wurin murafanta. Ban ko tambayi inda ta kai su ba. Allah ya yafe mini, daɗi na ji, a ranar da 'yata ba ta ci komai ba sai gutsuren burodi da ruwa.

Washegari na yi nawa. Na ɗauko farantinta, shuɗin nan na roba mai tsagewa a baki, da kofinta da zanensa ya goge, da cokalinta mai lanƙwasasshen wuya. Na dafa abin da na san ta taɓa ci, yadda take cinsa: farar taliya ba miya ba mai, farar shinkafa, burodi da aka yanke gefensa, farin dafaffen ƙwai ba kwanduwa, soyayyen dankali, madara, ayaba da ɓawonta, ruwa. Na ajiye kowanne a wurin zamanta a teburinmu, na ɗauka da wayata. Inuwar hannuna ta fito a uku daga ciki. A ɗaya har ana ganin tabon tukunya mai zafi da ke jikin teburin. Na kai wa wani dattijo mai hoton fasfo da shagonsa ke kallon na mijina ya wanke mini, na kuma tabbatar na tsaya a bakin ƙofa na daɗe ina gaisawa da shi.

Da Baban Sifeto ya ga katuna takwas ɗin nan a firji, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce wannan ba hoto ba ne, shaidar kotu ce. Na ce ai Sifeto ce za ta duba.

Ta duba. Ta fi minti goma a tsaye, hannayenta suna kaɗawa a gefenta kamar ƙananan fukafukai, yadda suke yi idan wani abu ya cika mata kai. Na tsaya jikin wurin wanke-wanke na hana kaina numfashi mai ƙarfi. Can ta ɗaga ɗan yatsa ta ɗora a kan taliya, ta bar shi a nan.

Ban san yadda na ɗora tukunya ba. Garin sauri na zubar da rabin ƙullin taliyar a ƙasa. Na dafa, na tace, na zuba a shuɗin faranti, na ajiye a wurin tabon. Ta zo ta yi bincikenta, ta zagaya, ta shinshina, ta ɗaga, ta waiwaya ta kalli katin, ta dawo ta kalli farantin. Sannan ta zauna ta ci. Ta cinye tas, zare bayan zare. Shekara shida ina tambayar yarinyar nan me take so da baki da ido da hawaye, yau ta amsa mini. Na shige ɗakin ajiya na rufe ƙofa na cusa fuskata cikin buhun shinkafa na yi kuka har na ji ƙirjina ya yi sauƙi. Da na fito na wanke fuska na je na samu mijina a falo na tambaye shi ko yana son in koya masa haske.

Kwana uku na yi ina yawo a gidan nan kamar sarauniya. Da safe ta nuna burodi, da rana taliya, da yamma dankali ko shinkafa. Na kira kakarta na ba ta labari, na ba abokan aikina, har wata tsohuwa da ta zo sayen maganin hawan jini sai da ta ji. A kowane labari akwai wurin da nake kwaikwayon Baban Sifeto da hantsakinsa, a nan ne ake dariya.

A rana ta huɗu na ɗora ta kan sikelin banɗaki. Allurar ba ta motsa ba. Na sauke ta, na girgiza sikelin, na sake ɗorawa. Na san dalili, ba sai an faɗa mini ba: farar taliya da ruwa ba sa gina jiki. Saura kwana goma. A kan kanta ta uku a kantinmu akwai wani gwangwanin garin ƙara ƙiba na yara, an rubuta a jikinsa ba ɗanɗano ba ƙamshi. Na sayar da ɗaruruwansa. Ni ce kuma ake turo wa iyaye mata idan yaro ya ƙi shan magani, ni nake koya musu daka ƙwaya a cusa cikin zuma, a ɓoye ɗaci cikin zaƙi, a ɗauke hankalin yaro da wasa a ɗura masa. Da wannan aka san ni, ina kuma alfahari da shi. Maganar siririyar malama ta faɗo mini a rai, na ce ita ka'idar littafi take faɗa, ba ita za ta tsaya ana danne 'yarta ba.

Na kawo gwangwani ɗaya gida. Da madara na fara, na zuba rabin ƙaramin cokali na garin, na kaɗa har ba a ganin komai. Sifeto ta nuna katin, na miƙa mata kofi. Ta shinshina. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta daɗe, sannan ta buɗe baki ta bar shi ya zubo a gaban rigarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kofin a hankali ta tafi. Na ce da kaina na cika yawa, gobe zan rage.

Da gari ya waye katin madara ba ya jikin firji. Na duba ƙasa, na leƙa bayan firjin, na ce ya faɗi an share. Na koma kan taliya, na narkar da garin a ruwan dahuwa da ɗan man shanu kaɗan da ko ni ban ji ba. Ta ci zare biyu ta miƙe. Washegari katin taliya ya ɓace. Na gwada shinkafa. Na barbaɗa wa dankali tun yana cikin mai. Na shafa wa burodi a tsakiya na manne. Farin ƙwai kuwa na huda shi da tsinke na cusa. Kowace dabara ta fi ta jiya kyau, ina yi ina yaba wa kaina, kowace safiya kuma firjin yana ƙara yin fili. Raina bai kawo komai ba sai mutum ɗaya. Wa ke baƙin ciki da katunan nan? Wa ke wucewa ta kicin da sassafe yana kawar da kai kamar ya ga ƙazanta? Na riƙa kallonsa yana shan shayi, ina mamakin yadda namiji mai gemu zai zauna yana kishi da hoton waya alhali ƙasusuwan wuyan 'yarsa suna fitowa.

Ranar Lahadi, saura kwana huɗu, kati biyu suka rage: ayaba da ruwa. Bayan la'asar na same shi a falo yana goge gilashin kyamara, na tsaya a kansa. Na faɗa masa duk abin da na tara. Na ce ya fito mini da katunana. Na ce na san ya fi son a zura wa yarinya roba da a ce matarsa ta fi shi a sana'arsa, na ce mutumin da ke shafa wa ƙwai man inji ba abin da ba zai iya ba. Na faɗi wasu ma da suka fi haka, waɗanda suka shafi shekarun aurenmu gaba ɗaya.

Ya bar ni na gama. Ya rufe gilashin da murfinsa, ya ajiye, ya ce, "Zo, Likita."

Haka yake kirana idan yana son ya tuna mini ni mai sayar da magani ce kawai. Na bi shi ɗakin Sifeto. Ya durƙusa ya jawo wani kwalin takalmi daga ƙarƙashin gadonta, ya buɗe ya miƙo mini. Katunansa goma sha biyu suna ƙasa, a kife, gefunansu a daidaice. A kansu, a kife su ma, nawa guda shida. Na juya su ɗaya-ɗaya. Madara ce a ƙasa, sai taliya, sai shinkafa, dankali, burodi, ƙwai, daidai yadda na bi su.

"Ta haɗa mu wuri ɗaya," ya ce. "Tun ranar Talata na gan ta. Kina barin kicin take zuwa ta cire."

Na tambaye shi me ya hana ya faɗa mini. Ya ce wa ya isa ya faɗa wa sarauniya magana. Ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa, ya ƙara da cewa, "Ni dai gam ɗina a hoto ya tsaya. Ban taɓa sa wa kowa shi a baki ba."

Na kalle shi, na ga yana jin daɗi. Yana ƙoƙarin ɓoyewa, amma gefen bakinsa ya tona shi. Kwana biyar mutumin nan yana kallon 'yarsa tana rufe ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru yana jiran tarin ya yi tsayi don ranar da zai nuna mini ta fi armashi. Ban taɓa raina shi kamar lokacin ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk rainin da na ɗebo zan watsa masa sai in ga ya ishe mu mu biyu har da saura. Shi ya yi mata ƙarya don a yabe shi, ni na yi mata don na fi kowa sani, ita kuwa ba ta tsaya bambance mu ba.

Na ajiye kwalin na koma kicin. Zan so in ce daga nan na tuba, amma ba haka aka yi ba. Tun da safe na riga na shirya dabarar ayaba, ita ce ta fi duka, ban kuma ga dalilin da gaskiyar mijina za ta sa sikeli ya yi mana sassauci ba. A jakata akwai sirinji sabo da ƙaramar kwalbar man ƙara ƙiba. Ayaba a rufe take zuwa, ita take ɓarewa da hannunta, shi ya sa ta yarda da ita. Allura siririya ta kusa da kara ba ta barin komai sai ɗigo kamar cizon sauro. Na ce kwana huɗu ne kawai, in mun tsallake Alhamis sai in gina mata amana daga baya, akwai shekaru a gabanmu. Na ɗauko ayaba biyu daga kwando. Na zuƙo man, na soka wa ɗaya, na tura a hankali yadda ba zai taru wuri guda ba. Aiki ya yi kyau, ko ni sai da na juya ta sau biyu kafin na ga ɗigon. Na ajiye ta kusa da 'yar'uwarta, na jefa sirinjin cikin aljihun tebur.

Ban ji shigowarta ba, ba ta da ƙarar tafiya. Na juya na gan ta gaban firji, rigarta tana lilo a jikinta kamar a kan igiya. Ta kalli katuna biyun da suka rage. Ta kai hannu ta ɓalle na ayaba, na ce shi ke nan ta gan ni, kwali za a kai shi. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta yi taku ɗaya wajen ƙofa, ta tsaya. Ta daɗe tana ɗan jijjiga gaba da baya. Sai ta juyo, ta tako har inda nake, ba ta kalli fuskata ba, ta kamo hannuna na dama ta buɗe tafin, ta ɗora katin a ciki, ta nannaɗe yatsuna a kai.

Hannunta sanyi ƙalau, ba nauyi. Rabon da ta taɓa ni da kanta har na manta. Wannan ne abin da malama ta ce sai an yi watanni, ga shi ta yi shi yau, ta yi wa matar da ta cuce ta sau shida a jere, don ba ta da wata uwar kuma yunwa take ji. Na tsaya da kati a hannu ɗaya, ayaba biyu a gabana. Na san wacce ce wacce. Na kuma san in ta gane, ruwa kaɗai zai rage a jikin firjin nan. In ba ta gane ba kuwa, gobe zan sake, jibi in ƙara, har ranar da za ta gane.

Na ɗauki wadda ban taɓa ba na ba ta.

Ta juya ta, ta shinshina kara, ta bi ɓawon da ɗan yatsa daga sama har ƙasa. Ta ɓare gida uku yadda ta saba. Ta gutsura, ta riƙe a baki. Ta haɗiye. Ta ci har rabi, ta ajiye sauran a shuɗin farantinta. Sannan ta buɗe hannuna ta karɓi katinta, ta koma ta manna shi a firji kusa da na ruwa, ta danna kusurwoyin huɗu da babban yatsa.

"Rabin ayaba," in ji Baban Sifeto daga bakin ƙofa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Muryarsa ba ta da daɗin ɗazu, tsoro ne a cikinta, karo na farko da na ji shi a bakinsa. "Rabin ayaba ba zai ɗaga allurar sikeli ba, Maman Sifeto. Saura kwana huɗu. Ɗayar fa, ba ki riga kin shirya ta ba?"

Ashe wannan ma ya gani. Na ɗauki ayabar mai ɗigo na jefa a kwandon shara a gaban idonsa. Na buɗe aljihun tebur na ciro sirinjin na bi ta da shi. Gwangwanin garin na sauko da shi daga bayan tukwane inda nake ɓoyewa, na dire shi tsakiyar tebur, a fili, inda Sifeto za ta gan shi ta bincike shi in ta ga dama. Na miƙa wa mijina wayata na ce ya ɗauki hoton gwangwanin yadda yake, kada ya goge shi, kada ya kunna wata fitila. Garin ma zai samu katinsa, ranar da ta nuna shi a ba ta, in ba ta nuna ba ya zauna. Ya karɓi wayar kamar an ba shi mataccen ɓera, amma ya karɓa.

Ya ce likita fa, da robar.

Na kalli 'yata, ta koma ƙarƙashin tebur, ana jin ƙarar murafanta. Na ce, "Ba zan ƙara sa mata komai a ɓoye ba. Ranar Alhamis za mu kai ta a auna ta yadda take. In sun ce sai an kwantar da ita, ni zan riƙe ta da hannuna, in nuna mata robar ta gani kafin a sa."